Sunan Ɗan Farin Inna Kande

Ku gyara zama, ku kifa wayoyin nan a kan tabarma tukuna. Ina wanda ya ce ɗazu wai ya zaɓi karatun tarihi ne don ya fi sauƙi, babu lissafi, babu ɗakin gwaje-gwaje, labari ne kawai a haddace a juye a takarda? Kai ne? Madalla. Matso nan kusa da ni, kai na fi so ka ji. Ba faɗa zan yi maka ba. Ni ma da na samu shiga jami'a abin da mutanen Birnin Kudu suka ce ke nan, wai ɗan Malam Sule ya tafi koyon tatsuniya da kuɗin gwamnati. Kawuna, Allah ya jiƙansa, har tambayata ya yi ko in na gama gurmi za a ba ni in riƙa bin gidajen biki.

Ina firamare aka ba ƙasar nan mulkin kai. Aka raba mana 'yan tutoci muka yi ta kaɗawa, washegari muka koma aji muka ci gaba da haddace sarakunan wata ƙasa ta bayan teku. In an tashi sai mu hau duwatsun nan na bayan gari, mu tsaya muna kallon zanen shanu a jikin dutse, kuma duk cikin malamanmu babu mai iya ce mana ga waɗanda suka zana. Wannan ƙaiƙayin ne bai bar ni ba. Na yi koyarwa 'yan shekaru, yaƙin basasa ya zo ya wuce, sannan Allah ya buɗe mini hanya na tafi.

Aikin farko da aka ba mu a can ko littafi babu a cikinsa. Malaminmu, Malam Iliyasu, wani siririn mutum mai tsadar dariya, ya ajiye mana faifan muryar wani tsoho ya ce mu juye shi a takarda, kalma da kalma. Tsohon ba shi da haƙori ko ɗaya, ga kaji suna kuka a bayansa, ga wata tana daka. Sai ka saurari jimla, ka mayar da faifan baya, ka sake saurara, har kunnenka ya riƙa yi maka ƙara. In ya yi tari, ka rubuta ya yi tari. In ya tsaya, ka rubuta ya tsaya. Wani abokin karatunmu ya ga Hausar tsohon ba ta yi masa ba, ya zauna ya gyara masa ita tsaf. Malam Iliyasu ya karanta, ya miƙa masa takardarsa ya ce, “Wannan maganarka ce, kuma ba kai muka je tambaya ba. Koma.” Duk abin da ka kawo masa kuwa sai ya tsare ka da ido: wa ya faɗa maka? Shi kuma wa ya faɗa masa? Da ido ya gani ko a zaure ya ji? Yakan ce haka malaman hadisi suke yi, mu ma ba mu fi su wayo ba.

Rikodar da aka fara ba ni mai faifai biyu ce, nauyinta ya kai na ɗan tunkiya. A bayan keke nake ɗaure ta, in naɗe ta da bargo saboda gargada. Batir take ci kamar ba gobe, manya-manyan nan, kuma sai Kano ake samunsu. In suka fara sanyi sai muryar mutum ta ja ta yi kauri, in ka zo saurare ka rasa tsoho ne ko sa. Rana ta doki faifai, ya manne. Damina ta shigo, ya yi fumfuna. Katunan da muke rubuta bayani a kai kuwa gara ce abokiyar gabarsu, sai dai akwatin ƙarfe. Kaset da babur daga baya suka zo, sai da bayanmu ya gama ciwo. Amma duk cikin kayan nan babu kamar goro. Wanda ya shiga zauren dattijo hannu rabbana ya hau ciro rikoda, to gaisuwa kawai zai ɗauka ya koma gida.

Na taɓa yin kwanaki a Kaduna, a ɗakin da ake adana tsofaffin takardun mulkin Turawa, ina neman abin da aka rubuta a kan ƙauyukan Gwaram. Takardun sun yi ja, suna karyewa kamar busasshen ganye, sai ka juya su da tsoro. Abin da na samu shi ne, wani jami'i ya zo a kan doki, ya kwana, ya yi tambaya ta bakin tafinta, tafintan kuma ya gaya masa abin da zai sa a tashi da wuri. Ya ƙirga shanu, ya ƙirga rijiyoyi, ya ƙirga masu biyan haraji, ya wuce. Irin wannan takarda ba a yar da ita, ba a kuma haɗiye ta. Auna ta ake yi da abin da mutanen wurin suka ce, su ma a auna su da ita.

Sa wa labari shekara kuwa, nan ake yin gumi. Tsoho ba zai ce maka alif kaza ba. Sai ka nemo masa turke: da aka daina karɓar kuɗin wuri a kasuwa kana da wayo? Da fara ta rufe rana an yi maka kaciya? Na taɓa wuni da wata tsohuwa muna neman lokacin da aka haƙa rijiyar unguwarsu. Ta ce shekarar da ta yaye 'yarta ta biyu ce. To yaushe ta yaye ta? Daminar da ta biyo bayan agana. Sai na koma takardun can na nemo inda suka ambaci agana a yankin, sannan rijiyar ta samu wurin tsayawa.

Su mutanen kuma kowa da irin nasa. Akwai wani mai gari, ba zan faɗi garin ba, da ya ji ina rubuta tarihi ya aiko mini da rago har gida, da saƙon kada in manta kakansa ne ya sari garin. Alhali kowa ya san kakan nasa ya tarar da rijiya da masallaci. Mahaifina ya sa aka mayar da ragon da godiya mai yawa, ni kuma na daɗe ban bi ta hanyar ba. Ba a kuma tambayar talaka a ƙofar gidan mai gari, domin a nan kowa amin yake cewa. Akwai Baba Tanko na Unguwar Ya, tsohon maharbi. Zuwan farko labarin ciwon akuyarsa ya ba ni, na dawo ya ba ni na tsadar gishiri. Sai da ya ga ba na gajiya, ran nan muna zaune ya ce, “To ɗan nan, kunna abin naka,” ya zuba mini hanyoyin fatake na da, zango bayan zango, tun daga nan har ƙasar Bauchi. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ku sani dutsen ba ya nuna a zama ɗaya.

To, aikin da nake so ku ji shi ne na maƙeran tama. Ku da kuka tashi kuka ga ƙarfe a zube ko'ina, ba ku san an yi zamanin da fartanya daga ƙasa ake fitar da ita ba. Tama wani baƙin dutse ne mai nauyi. A tara shi, a gina masa dogon murhu na laka, a jera shi da gawayi, a yi ta zuga wuta har ƙarfen ya rabu da datti. Dattin da ya rage, kashin tama ake ce masa, na gan shi tuli-tuli a gonakin wajen Maruta ta ƙasar Gwaram, manoma suna tsine masa don yana dakushe musu garma. Na tambaya, aka ce ai na mutanen Kwarin Tama ne, wata 'yar unguwa a bakin rafi. Da na gaya wa Malam Iliyasu sai ya ce, “Ga digirinka na biyu can a zube a gona. Je ka gano su wane ne, daga ina suka zo, wa ya kawo su.”

Na isa Kwarin Tama farkon damina, an yi ruwan shuka. Na tarar da maƙerin unguwar, Magaji ake ce masa, dattijo mai furfura jefi-jefi, zaune gaban uwar maƙera, manoma sun kewaye shi kowa da fartanyarsa. Cikin mazan unguwar shi ne na ƙarshe da ya ga an kunna murhun tama da idonsa, yana saurayi, kafin ƙarfen mota da na jirgi su kashe sana'ar. Na gaishe shi, na ajiye goro, na faɗi abin da ya kawo ni. Ko masaba bai ajiye ba ya ce, “Malam, ba ka zo a kan gaɓa ba. Ba a tsayar da maƙeri da damina. Bari a kai amfani gida, ka zo da kaka, in shimfiɗa maka buzu in ba ka shi tun daga tushe.” Gaskiya ya faɗa, ni ma ɗan manomi ne. Na ce Allah ya kai mu, ya ce amin.

Kakar ba ta zo ba. Shekarar farin nan ce da kakanninku suke ba ku labari. Ruwa ya ɗauke gero yana iya gwiwa, aka yi ta fita roƙon ruwa har muryoyi suka dushe, hadari ya haɗu ya watse. Na ga mata suna tona gidan tururuwa don 'yan ƙwayoyin da ta tara. Na ga garken shanu a kwance bakin hanya babu mai tashi. Abin da ya fi ba ni takaici, in ka shiga Kano sai ka ga sababbin motoci da tulin siminti, kuɗin mai ya fara zuba, kamar ba ƙasa ɗaya ba. Abokan karatuna da yawa a lokacin suka kulle katunansu suka shiga kamfanoni, ban kuma ga laifinsu ba. A sana'armu kuwa, fari tsofaffi yake fara ɗauka. Sai in iso ƙofar gidan da na yi alkawarin komawa, in yi sallama, a fito a ce mini, “Ai Baba ya riga mu gidan gaskiya.” Baba Tanko ma a shekarar ya tafi. Na daina ɗaukar goro, na koma ɗaure ɗan gero a bayan keke, domin ba a tambayar mai yunwa labarin kakansa.

Da na koma Kwarin Tama, maƙerar Magaji a rufe, toka ta daɗe da hucewa. Mai unguwa ya ce mini Magaji ya bi ayarin masu neman abinci sun yi kudu, ciwo ya kama shi a hanya, a can aka binne shi. 'Ya'yansa sun watsu. Na zauna a kan wani kututture, wallahi har na fara tunanin yadda zan roƙi Malam Iliyasu ya sauya mini aiki. Sai mai unguwar ya ce, “Amma fa tsohuwarsa tana nan, Inna Kande. Ita ta zauna da manyan gidan.”

Na same ta a tsakar gida, a gindin rumbun da babu komai a ciki, 'yar ƙanƙanuwar tsohuwa, ido ya fara hazo amma kai garau. Na yi mata gaisuwar rashi, na ajiye geron. Ta shafa rikodar da hannu ta ce, “Wannan ce mai haɗiye magana?”

Na ce, “Ita ce, Inna.”

“Tana mayarwa?”

“Tana mayarwa, ko bayan mai maganar ba ya nan.”

Ta ce, “To Allah ne ya kawo ka. Zauna.”

Ban taɓa samun mai ba da labari kamarta ba. Tun tana amarya take kai wa maza abinci bakin rafi, ta ajiye daga nesa, domin mace ba ta matsar murhun tama. Daga nesan ta ga komai. Ta gaya mini yadda ake bin rafi bayan ambaliya a tsinci tama, da yadda ba a yarda da kowane gawayi sai na ƙirya, da yadda namiji ba ya shiga ɗakin iyalinsa muddin wuta tana ci. Ta ce mutanen gidan daga duwatsun kudu suka gangaro, mutum ɗaya ya jawo su, yana bin rafi yana ɗaga duwatsu yana jin nauyinsu a hannu, har ya tsaya a nan. Kafin a sa wuta kuma, babba a gidan yakan miƙe ya kira iyaye ɗaya bayan ɗaya, tun daga wancan na farko, a yi musu addu'a. Ta ji ana jero su shekara da shekaru, ta riƙe su kamar karatun salla.

Na ce, “To Inna, jero mini su.”

Sai ta ja mayafi ta rufe baki. “Haba ɗan nan. Kai ba Bahaushe ba ne?”

Nan na ga ramin da ke gabana. Ku yanzu matanku suna kiran ku da suna har da ƙari, amma a wancan zamani mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na surukinta, ba ta faɗin na ɗanta na fari. To a gidan maƙeran nan suna ba ya fita waje, juya shi ake yi. Surukinta sunan kakansa ya ci. Mijinta ma sunan nasa kakan ya ci. Ɗanta na fari kuwa sunan wanda ya kafa gidan aka mayar masa, shi ya sa ma aka sakaya shi da Magaji. Ita ko Magajin ba ta faɗa, sai dai ta ce yaron nan, mutumin da ya yi furfura. Sunaye uku ne suka ɗauki zuriyar gaba ɗaya, kuma duk ukun bakinta a ɗaure yake a kansu.

Kada ku ɗauka taurin kai take yi mini. Ta fi ni son a ajiye su. Ta ce, “Ɗan nan, duk Juma'a in na samu abin sadaka sai in aika wa liman in ce a yi wa masu gidan nan addu'a. Ni na san waɗanda nake nufi. In ƙasa ta rufe idona, wa zai san su? Jikokina sun tafi bin mota. Ka nemo dabara, ai kai ne mai boko.”

Dabarar farko ma ita ta kawo ta. Ta ce, “Baban mai gidana, sunansu ɗaya da mahaucin nan gurgu na kasuwar Maruta.” Ranar kasuwa na hau keke na je, na sami mahauci gurgu zaune ko ƙashi babu a gabansa. Na gaishe shi, na tambayi sunansa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Haraji ne?” Sai da na rantse masa sannan ya ce Haruna. Na dawo na ce, “Inna, Haruna?” Ta sunkuyar da kai ta ce, “Ka ji shi.”

Na mijinta kuwa, ni na riƙa jero sunaye. In na faɗi wanda ba shi ba sai ta maimaita shi babu ko ɗar: “Audu? A'a, ba Audu ba. Musa? Ina, Musa ai ƙanena ne.” Da na ce Garba, sai ta kau da kai ta hau murza bakin zane kamar amaryar jiya. Ranar ce kaɗai na ga ta yi murmushi.

Saura ɗaya, kuma shi ne uban tafiyar. Na ce ta nuna mini mai irin sunan, ko a wane gari yake zan je. Ta ce, “Babu. Tun da nake ban taɓa jin wani da shi ba sai su biyun, na farko da yaron nan.” Na jero sunayen Annabawa da na Sahabbai, ta yi ta maimaitawa. Na koma na gargajiya, su Bawa, Nomau, Barau, Jatau, Arzika, duk wanda na taɓa ji a zaure ko na gani a takardun Kaduna. Ta maimaita su duka, muryarta tana ƙara yin ƙasa. Na tambayi mai unguwa da sauran dattawa, su manoma ne da suka zo daga baya, Magaji suka sani. Limamin da ya halarci sunan ya daɗe da rasuwa. Na bi sawun wani jikanta har tashar mota a Kano, na same shi yana lodi, ya ce, “Baba? Magaji mana. Yana da wani sunan ne?”

Na kai wa Malam Iliyasu kukana. Na ce ko a sa mai unguwa da liman su yi mata magana, su nuna mata babu laifi a addini. Ya cire tabarau ya ce, “Ita ma ta san babu laifi a addini. In ka tara mata maza suka tsaya a kanta, za ka samu sunan, amma ka ci mutuncin tsohuwa a ƙarshen kwananta. Ba a ba da digiri a kan wannan, a hannuna dai. Koma ka zauna kusa da ita. In ta tafi da shi, ka rubuta ta tafi da shi, ka faɗi dalili.”

Na koma. Bazara ta kama, zafi kamar a gasa mutum, ita kuma jiki ya ƙi. Ƙafafunta sun kumbura, kunu ma sai an lallaɓa. Matar mai unguwa ce take kula da ita. Nakan zo in zauna, wata rana ko rikodar ba na kwancewa daga keke. Ba na tambaya, ita ma ba ta ɗauko zancen. Ina kallon ta tana ƙarewa, ga tausayinta, ga tsoron abin da za ta tafi da shi, na rasa wanda ya fi ci mini rai.

Wata rana da hantsi na iso, ta ce a kama ta a kai ta maƙera. Ni da matar mai unguwa muka riƙe ta, muka zaunar da ita a bakin ƙofar, inda ake hango hanyar da ta yi kudu. Ta ce wa matar, “Jeki, 'yar nan, ki duba tukunyarki.” Da ta tafi ta ce mini, “Kwanto abin naka. Batirin da rai?” Na ce sababbi ne. Na kunna, na ajiye kusa da ita.

“A nan na tsaya ranar da zai tafi,” in ji ta. “Ya ɗaure masabarsa a buhu, ya durƙusa ya ce, Inna, sai na dawo. Na ce Allah ya kiyaye, ko duban sa ban yi ba, don haka aka koya mana. Tun yana jariri haka nake yi. Kakarsa ce ta goye shi, ni sai dai in saci kallo. Da suka kai wajen tsamiyar can sai gabana ya faɗi, na ji a jikina ba zai dawo ba. Na so in tsayar da shi. Na buɗe baki na ce, kai! Kai! To ayari ne, ɗan nan, kowa kai ne. Babu wanda ya waiwayo.”

Faifai yana ta juyawa. Ni dai kaina a ƙasa.

“Surukaina suna ƙasa. Mai gidan yana ƙasa. Waɗanda suka rako ni gidan nan babu ko ɗaya. Na duba wanda zan ji wa kunya ban ga kowa ba, amma bakin ya saba.” Ta gyara zama, ta dafa ƙofar. “Faɗa maka dai ba zan iya ba. Juya bayanka. Kiran sa zan yi, kiran da ban yi ba ran nan. In abin naka ya ji, ruwansa.”

Na juya baya. Na ji ta ja numfashi, ta sake ja. Sannan ta ɗaga murya, muryar da ban san tana da sauranta ba.

“Mazadu!”

Ta jira, irin jiran da uwa take yi in ta kira yaro daga wajen wasa. Ta sake kira, a hankali wannan karon. “Mazadu.” Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, ban kuwa share ba.

Can ta ce, kamar da kanta take magana, “Ashe haka yake a baki.” Sannan ta ce, “Ya shiga?”

Na ce, “Ya shiga, Inna.”

“To kashe. Kada ka kunna shi a garin nan ina da rai. In ka zo jero su, ka faɗe shi sau biyu, na farkonsu da na ƙarshensu. Kada ka haɗe mini su wuri ɗaya.”

Ba ta ga ruwan shuka na shekarar ba. Juma'ar da ta biyo bayan rasuwarta na je da 'yar sadaka na sami liman a ƙofar masallaci, da mai unguwa da dattawan da suka rage. Na ce ga saƙon Inna Kande, a yi wa masu gidan maƙera addu'a, yau da sunayensu. Ina faɗa yana maimaitawa, jama'a suna cewa amin: Mazadu, Haruna, Garba, Haruna baban mai gidanta, Garba mai gidanta. Da na sake cewa Mazadu, sai liman ya ɗago kai ya ce, “Malam, ai mun yi wannan.”

Na ce, “Wancan na gidan ne, Allah gafarta Malam. Wannan nata ne.”